Kafin a Hura Wuta: Nasiha ga Masu Kafa Sabon Gida

Ranar jere, idan dangin amarya suka shiga kicin, abin da ido ke nema shi ne kuloli jeri-jeri, da farantan tangaran, da tukwane masu ƙyalli daga babba zuwa ƙarama. Gwaggo ta ƙirga, inna ta gyara zaman wannan ta matsar da wancan, a ɗauki hoto a tura wa 'yan uwa. Da wuya a ji wadda ta tsaya ta tambaya da wace wuta yarinyar nan za ta riƙa girki, nawa wutar za ta ci a wata, kuma ta ina hayaƙin zai fita. Alhali waɗannan tambayoyin ne za su zauna da ma'auratan bayan 'yan biki sun watse. Rabin kulolin sai su shekara ba a taɓa su ba, murhu kuwa sau uku a yini yake neman abincinsa.

'Ya'yana, ku da kuke shirin kafa gida da ku da kuka kafa kwanan nan, maganar kare muhalli da ake yawan yi a rediyo ba ta tsaya a taron manya a Abuja ko Yamai ba. Babban rabonta yana cikin madafa. Abin da zai ba matashi ƙwarin gwiwa a nan shi ne, kusan duk dabarar da ke rage saran itace da ƙazantar unguwa, ita ce kuma ke rage kuɗin cefane. Ba a neman kowa ya yi asara don daji ya tsira.

Wanda ya girma a birni ya ga yadda makamashin girki ya riƙa sauyawa. An yi zamanin risho, lokacin da kananzir ke da araha. Da ya yi tsada ya kuma ɓace a shekarun 1990, sai aka koma wa murhun ƙarfe da ake cika wa garin katako ko gawayi, wanda mutane suka laƙaba wa sunan Abacha. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, risho ya koma bayan ƙofa, masu hali suka rungumi gas. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin gas ya tashi, gidaje da yawa suka jingine tukunyar gas suka sake neman mai gawayi. Yau a unguwannin Kano da Kaduna da Zariya da wuya a wuce layi biyu ba a ga inda aka jibge buhunan gawayi ana ƙulla shi a leda ba.

Amaryar da ta aiki yaro ya sayo gawayin ɗari biyu ba ta ga inda ya fito, shi ya sa yake mata kamar abu mai sauƙi. A irin toyin gargajiya, inda ake jibge itace a rufe shi da ƙasa a bar shi yana cin kansa, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Mafi yawan ƙarfin itacen a daji yake tashi ya bi iska, tun bai zo gari ba. Kuma masu toyi ba kowane icce suke so ba. Mai nauyi suke nema, wanda gawayinsa ke daɗewa: ƙirya, wadda maƙera suka san darajarta tun da, da marke, da kaɗanya, har ma da ɗorawa. To kaɗanya ita ke ba da man kaɗe, ɗorawa kuma ita ke ba da kalwar da ake yin daddawa, kuma dukkansu sai sun yi shekaru masu yawa kafin su fara 'ya'ya. Ke nan uwargida na iya dafa miyar yau da itacen da ya kamata ya ba ta daddawar baɗi. Idan ta je kasuwa ta tarar daddawa ta yi tsada, ba lallai ta haɗa abubuwan biyu a ranta ba.

Ba don banza ba Najeriya ta kafa hukumar ganuwar itatuwa a 2015, domin jihohi 11 da hamada ke ci, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Sai dai gwamnati na shuka, murhu na ci, kuma murhu ya fi sauri.

Wannan ke nan game da daji. Abin da ya fi kusa da jiki shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Ciwon huhu na yara, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, tari mai daɗewa, yanar ido, duk suna da hannun hayaƙi a ciki. Kowa ya san hoton: mace ta durƙusa gaban murhu da ɗanyen icce a damina, tana hurawa da baki, ido na zubar da hawaye, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. A duba rufin irin wannan madafa, kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana ɗiga. Hayaƙin da ya rina rufin nan shi ne mai girkin ta shekara tana shaƙa.

Gawayi ya fi itace yaudara, domin ba ya tashin hayaƙin da ido ke gani sosai, amma yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari. A kowane hunturu ana jin labarin waɗanda suka shigar da kaskon wuta ɗaki, suka rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, aka wayi gari sai dai a ɓalle ƙofa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kurfoti ba ya kwana a ɗaki, komai tsananin sanyi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin 'yan mata, ta kunna gawayi da leda ko guntun roba ko tsohon silifa. Wutar na kamawa da sauri, gaskiya ne, robar ta narke ta ɗiɗɗiga a kan gawayin tana ci. Amma baƙin hayaƙin nan mai ɗaci guba ne, kuma mai girkin ce ke sunkuye a kansa tana fifita. Busasshen kara, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, takarda, duk suna kunna gawayi. Gwangwanin madara babba da aka fasa wa gindi aka ɗora a kan gawayi yana jan iska sama, wuta ta kama ba tare da an gaji da mafici ba.

To mene ne abin yi ga wanda aljihunsa bai kai gas ba? Farko a dubi murhun kansa. Murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe, abin da ke shiga tukunya kaɗan ne. Da zarar an kewaye wutar, ko da da laka ne, aka bar ƙofa ɗaya ta sa icce da 'yar hanyar iska, aka kuma sa tukunya ta zauna cikin murhun yadda zafi zai bi jikinta, itacen da ake ci yana raguwa a fili. A Nijar tun shekarun 1980 maƙera ke ƙera murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi a kan wannan hikima. A Najeriya ƙungiyar DARE ta Kaduna, tare da atmosfair ta Jamus, ta daɗe tana yaɗa wani murhu mai suna Save80, wanda masu shi ke cewa yana rage itace da kashi 80 cikin 100, kuma da ƙananan ƙirare yake aiki. Akwai kuma murhun gawayi mai laka a ciki, wanda ke riƙe zafi fiye da kurfotin ƙarfe zalla. Kuɗinsa ya fi na kurfoti, shi ya sa matasa ke kauce masa. Amma a yi lissafin gawayin wata shida kafin a yanke hukunci. Araha ba ta ado.

Bayan murhu sai hannun mai girki, kuma a nan ne aka fi yin asarar da ba ta da dalili. Tukunya a buɗe tana tafasa, murfin na gefe. An hura wuta tun kafin a gyara kayan miya, tana ta ci a banza ana jiran yaron da ya tafi markaɗe. An zuba ruwa cike da tukunya don dafa taliyar mutum biyu. Ruwa ya tafasa amma ana ƙara wa wuta ƙarfi, alhali ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai girman harshen wuta, tururi kawai yake ƙarawa. Wake kuwa, wanda ya fi komai cin wuta, idan aka jiƙa shi tun dare yana nuna da wuri. Haka ganda da ƙafar sa: tukunyar nan mai kulle murfi da ke dafawa da matsin tururi tana gama su cikin ɗan lokaci, kuma ta fi saitin kuloli na uku amfani a gidan amarya. Idan an gama girki, sauran garwashi a kashe shi a ajiye na gobe, kada a bar shi ya zama toka.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba ta cin ko kwabo. A samu kwando ko kwali mai ɗan girma, a shimfiɗa tsohon bargo ko tsummokara masu tsabta a ciki. Idan shinkafa ta tafasa na 'yan mintuna, a sauke tukunyar da murfinta ba tare da an buɗe ba, a sa ta cikin kwandon, a lulluɓe ta ruf ta ko'ina. Zafin da ke cikinta shi zai ƙarasa dahuwar. Wake yana bukatar ya daɗe yana tafasa kafin a sauke, sannan ya ɗauki awanni a lulluɓe. Abincin ba ya kamu, ba ya bukatar a tsaya a kansa, kuma malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti na iya barin sa ta dawo ta tarar da shi da zafi. Sharaɗi ɗaya ne: idan ya daɗe har ya huce, musamman mai nama, a sake tafasa shi kafin a ci.

Game da gas, hukuncin mai wannan rubutu a fili yake: duk gidan da zai iya, ya yi amfani da shi. Shi ma daga ƙasa ake haƙo shi, ba a ce ba shi da illa ga yanayi ba, amma idan aka auna shi da gawayi ta fuskar huhun mai girki da itatuwan daji, ratar tana da faɗi. Wanda ba zai iya cika tukunya mai kilo 12.5 ba, akwai mai kilo 6 da mai kilo 3. Da yawa sukan raba aiki, shayi da ɗumame da girkin gaggawa a gas, tuwo da wake a murhu mai tattali, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Tsoron da iyaye mata ke yi wa gas yana da tushe, maganinsa kuwa kula: a riƙa duba tiyo ko ya tsattsage, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, tukunyar da ta yi tsatsa a rabu da ita, idan aka ji wari a buɗe taga kada a taɓa makunnin lantarki.

Sai abincin da aka sha wahalar dafawa. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da abinci kimanin tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Duk loma da ta tafi bola ta tafi da gumin manomi da takin da aka sa da itacen da aka ƙona, sannan idan ta ruɓe a juji tana fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya. Gidan Bahaushe na da bai san wannan ɓarna ba. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe. Ƙanzon gindin tukunya a shanya shi a ajiye, a jiƙa shi wata rana a yi kwaɗo. Ƙasarin da aka wanke hatsi na tumaki ne, dusa ta awaki, tsaki na kaji, abin da ya saura almajiri na bakin ƙofa. Yanzu sai ka ga yarinya tana jin kunyar a ce mijinta ya karya da ɗumame, ta auna shinkafar mutum shida a gidan mutum biyu don kada a ce mata marowaciya, da safe ta juye rabi a leda. Almubazzaranci dai addini ya hana shi, kuma mudun shinkafa a yau ba abin wasa ba ne.

Firji ba shi ne amsa ba a garin da wutar lantarki ke zuwa lokacin da ta ga dama. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya lura da wannan tun a shekarun 1990. Ya ɗauki tukunyar ƙasa babba ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma ya rarraba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa. An ba da labarin cewa har 'yan mata masu talla sun samu sarari, tunda ba dole ne a sayar da kayan gwari a ranar da aka tsinko su ba. Dabarar ta fi aiki a rani da bazara, lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa. A ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke bi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Abin mamaki, an yi ta rubutu a kan wannan tukunya a Turai da Amurka, amma 'ya'yan masu ita da yawa ba su taɓa ganin ta ba.

Shanya ma ajiya ce. Lokacin da tumatirin Kadawa da Ɗanja ya cika kasuwa har kwando ya faɗi warwas, uwargida mai hangen nesa sai ta saya ta yanyanka ta yi kauɗa, ta busar da tattasai da kuɓewa, ta ajiye na damina lokacin da tumatir huɗu ke zama abin ciniki. A dai shanya a kan faifai ko tabarma mai tsabta a bisa, a rufa da raga, ba a gefen kwalta ba inda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke bi.

Leda kuwa ta shiga kicin ta yi kane-kane. Da ana zuwa kasuwa da kwando, a tafi sayen koko da kwano, a dafa alale a gwangwani ko a ganye. Yau koko mai zafi a leda, alale a leda cikin ruwa mai tafasa, tuwo a naɗe a leda, kuma zafi na sa sinadaran roba su shiga abinci. Bayan an ci kuma ledar ba ta ruɓewa. Ta toshe kwata, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin haihuwa. Mahauta sun fi kowa sani: ranar layya sau da yawa akan farke tumbin rago a ciro dunƙulen leda, sai a gane dalilin da ya sa dabbar ta ƙi ƙiba duk da dusar da ta ci. Ruwanda ta haramta ledar sayayya tun 2008, Kenya ta bi a 2017, jihar Legas ta hana farar robar zuba abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024. Ba sai an jira doka ta iso ba. Jaka ɗaya ta yadi da aka rataye kusa da ƙofa, da kwano mai murfi na aike, sun isa su rage ledar da ke shiga gida ƙwarai.

Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye, muddin ba sabulu a ciki, na shuka ne. Ɓawon albasa da na dankali da ragowar ganye a tara su a rami a bayan gida su zama taki, toka kuma ta goge gindin tukunya. Da wannan kaɗai ana iya riƙe zogale biyu da 'yan buhunan ƙasa na alayyahu da yakuwa a tsakar gida, ko da gidan haya ne.

Wanda ke ganin ƙoƙarin gida ɗaya ba ya canja komai, ya dubi Maraɗi da Damagaram. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina ƙone kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Manoma suka kira abin sassabin zamani, suka yaɗa shi a tsakaninsu gona bayan gona. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne makamashin gida, mata suka huta da doguwar tafiyar neman icce. Da yayyafi kogi kan cika.

Saura kalma ga angwaye, domin samari da yawa na ɗaukar kicin a matsayin yankin da ba ruwansu da shi, sai dai su yi ƙorafi idan gas ya ƙare kafin wata. Ɗana, kai ne mai neman gidan haya, kai ne mai magana da magini, kuma kai ne mai fitar da kuɗin makamashi. Idan za ka kama gida, leƙa kicin ka ga ko yana da taga. Idan kana gini, kada ka mayar da shi ɗan lungun da ya saura bayan an fitar da falo, a yi masa tagogi biyu masu kallon juna, a kuma bar rumfa a tsakar gida don girkin itace da gawayi. Ka saya mata murhu mai tattali ko da za ka jinkirta sauya waya, ka duba tiyon gas da hannunka, kuma idan ta kawo maka ɗumame da safe ka ci ka yaba.